Ranar da Jar Mota Ta Hau Dutsen Hada

Taƙaitaccen bayanin al'amarin shi ne kamar haka. A cikin watan Jimada Ula na shekara ta 1373 bayan Hijira, wani direba mai suna Dauda, mazaunin Rusaifa a birnin Makka, ya fitar da motar ɗan maigidansa daga garejinta da ke Zahir ba tare da izini ba. Ya ɗauki fasinja guda, wato surukinsa Malam Abdulganiyyu, tsoho mai ciwon ƙirji. Sun nufi dutsen Hada, can gaba da Ɗa'ifa, domin kallon wani abu da ya zubo daga sama, wanda har yau masana ba su daidaita ba ko dusar ƙanƙara ce ta gaske ko kuwa ƙanƙara ce 'yar mitsi-mitsi. Motar ta fita da ƙafafunta, ta dawo a bayan lori. Ba a kai ƙara ba, ba a ɗaure kowa ba. Iyakar abin da hukuma za ta so ta sani ke nan da ta tambaya, ba ta kuwa tambaya ba.

Malam Abdulganiyyu ya baro ƙasar Katsina tun gemunsa bai fito ba. Ya biyo ta Wadai da Sudan da ƙafa, yana tsayawa ya yi noma a duk inda guzuri ya ƙare, ya iso Makka da furfura ɗaya-ɗaya. Mutumin da ya sha irin wannan tafiya ba ya wasa da makomarsa. Burinsa ɗaya ne, kuma kowa a Rusaifa ya san shi: ya cika a cikin iyakar Harami, a kai shi maƙabartar Ma'ala kusa da matarsa. Saboda haka, tun da ya dawo daga ziyarar Madina, bai ƙara ƙetare fararen ginshiƙan nan da ke nuna iyakar ba, sai fa ranar Arfa wadda babu makawa. Ranar ma, jama'a suna addu'a, shi yana dafe da ƙirji yana satar kallon rana.

Sana'arsa wankan gawa. Duk Bahaushen da ya rasu daga Rusaifa har Jarwal ta hannunsa yake bi, kuma a kan kowannensu yakan roƙi Allah ya wanke shi da ruwa da ƙanƙara da dusar ƙanƙara, kamar yadda aka koya masa. Ruwa ya san shi. Ƙanƙara ta taɓa fasa masa tulu a bakin ƙofa. Ta ukun ce bai taɓa gani ba, abin kuma ya fara damunsa da tsufa ya zo, domin shi mutum ne da ba ya son roƙa wa wani abin da bai san kamanninsa ba. An kawo masa dunƙulen ƙanƙarar da ake sayarwa a masana'anta, a naɗe cikin buhu, ya taɓa ya ce wannan aikin inji ne. Wani mutumin Bukhara mai gasa gurasa a bakin layinsu shi ya ƙara rikita shi, da ya ce masa a ƙasarsu abin yakan yini yana sauka, ya binne gari, ba a ji motsinsa ba ko kaɗan. Malam ya daɗe yana juya wannan magana a ransa. Duk abin da ya sani yana faɗowa daga sama, da ƙara yake faɗowa.

Dauda, mijin 'yarsa Rumasa'u, haifaffen Makka ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya yi shekaru yana jan lori tsakanin Mina da Arfa kafin wani attajiri mai lambu a Zahir ya ɗauke shi aiki. Ɗan attajirin ne ya sayo jar motar aka kawo ta jirgin ruwa: ƙirar Turai, kujera biyu kacal, cikinta kusan a ƙasa, hancinta dogo, rufinta na tamfol wanda ake naɗewa a baya. An ƙera ta ne domin tsere, aka kawo ta garin da raƙumi ya fi kowa iko da hanya. Saurayin ya zaga unguwa da ita har ya gaji, ya tafi Masar ya huta daga hutun da yake yi. Ya bar wa Dauda umarni cewa ya riƙa tayar da injin duk Juma'a, ya zaga lambu, kada ya wuce giya ta biyu. Dauda ya riƙe umarnin da amana. Sai dai giya ta uku da ta huɗu suna nan a ƙarƙashin tafin hannunsa, yana jin su kamar haƙori mai kaɗawa, wanda harshe ba ya iya rabuwa da shi.

A hunturun wannan shekara sanyi ya sauko har cikin Makka, abin da ba kasafai yake yi ba. Direbobin da ke kawo kayan lambu daga Ɗa'ifa suka shigo kasuwa a ƙudundune cikin barguna, suna cewa dutsen Hada ya yi fari fat, kuma har yanzu sama ba ta gama ba. Kafin La'asar labari ya isa kunnen Malam. Ya aika a kira masa surukinsa.

Dauda ya durƙusa a gefen tabarma, idonsa a ƙasa.

"An ce kana da jan doki a Zahir," in ji Malam.

"Ba nawa ba ne, Baba. Amana ce."

"Ban tambaye ka wanda ya saya ba. Zai kai Hada ya dawo tsakanin Asuba da Magariba?"

"Lori dai ba za ta iya ba."

"Lori na ce maka?"

Dauda ya ƙara sunkuyar da kai. Amsar ya san ta tun ba yau ba, domin ya sha tuƙa hanyar a cikin kansa yana zagaya bishiyoyin lambu.

"Za ta iya," ya ce a hankali. "In Allah ya so."

"An kuma ce ba ta da rufi."

"Tana da shi, Baba. Naɗe shi ake yi."

"Madalla. A bar shi a naɗe."

Dauda bai gane dalilin wannan sharaɗi ba, kuma suruki ba ya neman dalili. Rumasa'u ce ta ɗaga labule daga ɗakin girki, ludayi a hannunta.

"Baba, jiya tari ya hana unguwa barci. Tun kafin a haife ni kake gudun ginshiƙan nan, yau kuma da ƙafarka za ka ƙetare su?"

"Ba kwana zan yi ba. Leƙawa zan yi in dawo."

"Shi mala'ikan mutuwa sai da dare yake aiki?"

"Ke dai ki haɗa mana shayi a gora."

Da Dauda ya fito, ta tare shi a soro. Ta rage murya don kada tsohon ya ji.

"Baban Maimuna, ban hana ba, don ba ya hanuwa. Amma ka saurare ni. Da ransa za ka shigo da shi cikin iyaka. In ya cika a waje, ko da taku ɗaya ne, zaman da ya yi duka ya tashi a banza a wurinsa, ni kuma ban san da wane ido zan ƙara kallonka ba."

"Tayyib," in ji Dauda, wato "to" da Larabci.

"Ba tayyib ba. Ka ce wallahi."

Ya ce wallahi. Domin gaskiya ya kamata a rubuta cewa lokacin da yake rantsuwar, rabin zuciyarsa ne ke wurin tsoho. Ɗaya rabin yana kan giya ta huɗu.

Suka tashi bayan sallar Asuba. Nan take aka gane cewa wanda ya ƙera motar bai san kunyar surukai ba. Kujerun a manne suke. Mutum biyun da ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ga su kafaɗa da kafaɗa, gwiwa da gwiwa, Malam da ƙunshinsa a cinya. Duk canjin giya sai hannun Dauda ya gogi gwiwar tsoho, shi kuma ya ce, "Gafara, Baba." Kafin su bar gidajen ƙarshe na gari Malam ya gaji.

"Na yafe maka daga nan har Ɗa'ifa. Ka daina."

A Shara'i fararen ginshiƙan suka bayyana, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Malam ya runtse ido, ya ƙanƙame ƙunshinsa, leɓunansa suna motsi. Mota ta ratsa tsakaninsu kamar yadda take ratsa ko'ina.

"Mun wuce?"

"Mun wuce, Baba."

"Ban ji komai ba," in ji Malam, kamar wanda aka cuta. Ya buɗe ido ya dubi filin da ke gabansu. "To, sakar masa linzami."

Dauda ya sa ta uku. Injin ya sauya murya, ya daina ƙorafin da yake yi a lambu. Ya sa ta huɗu, sai ƙasa ta fara tahowa da kanta tana shigewa ƙarƙashin jan hancin motar. Duwatsu suka riƙa matsowa suna ja da baya. Wani ayarin raƙuma ya bayyana a gaba, kafin Malam ya gama yi musu sallama sun zama ɗigo a madubi. Gonakin Zaima suka wuce kore shar, kamar abin da aka gani a mafarki aka manta. Iska ta cika babbar rigar Malam ta kumbura ta, har ya zama ƙaton mutum, shi da ƙasusuwa ne kawai a cikinta. Dauda ya saci kallonsa ya ga bakinsa a buɗe, ba a san ko dariya yake yi ko iska yake sha ba.

"Wata biyu na yi a irin wannan fili a Wadai," in ji tsohon da ƙarfi, don ya rinjayi iska. "Da jaki mai ɗingishi!"

Daga Sail hanya ta miƙe sama. Rana ta shiga gajimare ba ta ƙara fitowa ba. Ɗa'ifa suka same ta a rufe, kowa ya shige ɗaka, hayaƙi yana fita ta tagogi. Suka bi 'yar turbar ƙasa mai zuwa Hada, motar tana taka duwatsu a hankali kamar mai sabon takalmi. A wani kwari mai ɗan rafi, wanda ake kira Wadi Muhrim, Malam ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan."

Ya sauka, ya kwance ƙunshinsa a kan hancin mota. Fararen mayafai biyu ne a ciki, da takalmin fata mara rufi. Dauda ya matso da sauri.

"Baba, me za ka yi?"

"Nan miƙati ne ko ba miƙati ba?"

"Miƙati ne, amma ai mu 'yan gida ne."

"Kai ne ɗan gida. Kai direba ne, mai shiga da fita, an yi maka sauƙi kamar mai sayar da itace. Ni yau baƙo ne, kuma fuskata Makka take kallo. Ba zan ƙetare wurin ɗaura ihrami da riga a wuyana ba."

"Ya Baba, ba ta nan za mu sauka ba! Gangaren da ke gaba sai alfadari. Dole mu juyo mu koma ta Sail. Ka bari sai can, ya fi ɗumi, wallahi ya fi ɗumi."

"In na ƙetare nan da riga, na ƙetare. Shari'a ba ta bin hanyar direbobi."

Dauda ya ga babu ja, sai ya nemi ragi. Ya ce to a bari ya tsiyayo ruwan ɗumi daga lagireto a yi wanka da shi. Ya tara kofi, ruwan ya fito ja da tsatsa. Malam ya kusanto da shi idonsa mai yana, ya sunsuna.

"Ruwan da launinsa ya sauya, warinsa ya sauya? Wa ya karantar da kai?"

Ya zagaya bayan wani dutse ya yi wankansa a rafi. Dauda yana jin ƙarar haƙoransa daga inda yake tsaye. Ya fito da mayafi ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa, kansa a buɗe, ya yi sallarsa raka'a biyu a kan tsakuwa, ya ɗaga murya da talbiyya. Da ya koma kujerarsa Dauda ya kai hannu zai warware tamfol.

"Kul," in ji Malam. "Mai ihrami ba ya rufe kai, ba ya kuma fakewa a ƙarƙashin rufin abin hawa. Haka malamanmu suka ce. Kana tsammanin don janta na zaɓi motar nan?"

Sai a lokacin Dauda ya gane sharaɗin jiya, ganewar da ba ta amfane shi da komai ba.

Suka haura. Da farko farin yana maƙale ne a gindin duwatsu, kamar gishirin da aka zubar. Can sai ya haɗe. Turba ta ɓace, bishiyoyin dutse suka sunkuya da kaya a kansu, katangun gonakin wardi suka zama layuka masu laushi. Ƙarar tayoyi ta ɗauke. Wannan shi ya fara tsorata Dauda, domin direba da kunne yake sanin ƙasa, yanzu kuwa babu abin da ke zuwa masa ta sitiyari sai wani lilo mai daɗi. Motar ta daina gudu ta koma tafiyar kwalekwale. In ya juya ta dama sai ta yi tunani tukuna, sannan ta bi, bayanta yana zagayowa a hankali kamar mai rawa da ba ta son a ce ta yi rawa. Ya sassauta hannu, ya bar ta. Bai taɓa jin abin hawa ya yi masa biyayya irin wannan ba, ta hanyar ƙin yi masa biyayya.

Sannan sama ta fara sakin abin.

Ba zuba yake yi ba. Saukowa yake, kowane ɗaya da hanyarsa, wani ma sai ya fasa ya koma sama. Dauda ya lura cewa in ya taka mota, iska tana kwashe shi ta bisa gilashi ta wuce da shi ta kan kawunansu, ko ɗigo ba ya taɓa su. Ya yi murna, ya ƙara wuta, yana ganin ya samo wa tsoho rufin da fiƙihu bai hana ba. Suka ratsa cikin farin kamar masu tafiya a cikin rami na auduga, jan hancin motar kaɗai ne abu mai launi a duniya.

"Kai," in ji Malam. "Gudun me kake yi? Wurinta muka zo. Tsaya. Kashe injin."

Dauda ya kashe.

Mutumin Bukhara bai yi ƙarya ba. Dutse guda ana binne shi a gabansu, babu motsi. A kan wata katanga birai sun jeru sun rungume juna, farin yana taruwa a kawunansu, suna kallon baƙin da idon masu gida. Malam ya sauka, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Da mayafansa da gemunsa, in ya tsaya cik sai ya ɓace, sai duhun fuskarsa da hannuwansa ke rataye a iska.

"Yau dai ni da masu ido mun zama ɗaya," ya ce. "Shekara nawa ina ganin duniya haka, kuna cewa yana ce."

Ya tara hannu. Ɗaya ta sauka a tafinsa, ya kai ta kusa da ido, kafin ya gani ta zama ruwa. Ya sake tarawa. Ya daɗe yana yi, da haƙurin mai sana'a yana duban aikin wani.

"Ka gani, Dauda? Ba ta cuɗawa. Ni sai na cuɗa, in juya, in sake cuɗawa, in bi da kafur. Ita kuwa sauka kawai take yi a kan abu, da mai kyau da mummuna, ta bar shi a inda yake, sai ka neme shi ka rasa." Ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. "Ashe abin da nake roƙa musu ke nan. Ban cuce su ba."

Suka taka har bakin gangare, inda dutsen ya yanke. A ƙasa babu komai sai gajimare, shimfiɗe kamar teku. Makka tana can ƙarƙashinsa, kusa ƙwarai ga tsuntsu. Malam ya zauna a kan wani dutse. Dauda ya zuba masa shayi, ya karɓa ya riƙe bai sha ba.

"Nan ma ai ƙasar Allah ce, ko?" ya ce, muryarsa ta yi laushi.

"Ita ce, Baba."

"Sanyin ma ya tafi. Bari in ɗan kishingiɗa."

Dauda ya ɗaga ido ya dubi fuskar surukinsa sosai, abin da bai taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure. Leɓunan sun yi toka. Kofin ya karkace, shayi yana zuba yana huda farin ƙasa, Malam bai sani ba. Dauda ya taɓa ɗaukar alhazan da rana ta buga, ya san irin wannan murya mai daɗi, ta mutumin da ya fara sallama da jikinsa. Bai nemi gafara ba. Ya sunkuce shi kamar buhun ƙaiƙayi, ya kai shi mota.

Wurin juyawa ne aka yi ɓarnar. Bayan motar ya zame, cikinta ya sauka a kan wani dutse da farin ya ɓoye, aka ji ƙum. Ta wuce, amma da Dauda ya dubi madubi sai ya ga baƙin ɗigo yana bin su a kan farin, a jere, kamar zaren ɗinki. Baƙin mai ne. Ya tsaya ya shiga ƙarƙashi, ya cusa sabulu da tsumma a tsagar, irin dabarar 'yan lori. Ya fito ya tarar Malam ya karkata, idonsa a rufe, farin yana taruwa a kan sanƙonsa ba ya narkewa.

Dauda ya warware tamfol ya ja shi ya ɗaure. Ya cire rawaninsa ya naɗe kan tsohon har kunnuwa, ya lulluɓe shi da bargo. A cikin ɗan lokaci kaɗan ya karya wa surukinsa hukunci biyu.

A Ɗa'ifa ya ƙwanƙwasa wa wani mai gareji, ya cika injin da mai, ya kama gangara. Yanzu babu sauran daɗi a giya ta huɗu. Aiki ce kawai. Farin ya koma laka, laka ta koma ƙura. Malam yana magana a cikin bargo, da Katsinancin da Dauda bai taɓa ji a bakinsa ba. Yana faɗa wa wata mace cewa audugar bana ta yi kyau, a kira yara su tsince ta kafin awaki su shiga. Yana tambaya ko an ɗaure jakin. Bayan Sail ya yi shiru.

Dauda ya ɗora hannunsa a kan gwiwar tsohon ya bar shi a nan. Muddin tana karkarwa, akwai mutum a ciki. Yana cire hannun ya canja giya, ya mayar da sauri. Allurar mai ta fara sauka. A Zaima sabulun ya saki, ya ji warinsa. Ya san in ya tsaya injin zai tsira, ya kuma san babu wata mota a bayansa da za ta kai su kafin karkarwar ta ƙare. Ya taka.

Rana ta yi ƙasa, ta fito daga gajimare ta zuba ja a kan filin Shara'i. Injin ya fara bugu kamar ana daka a cikinsa. Ginshiƙan suka bayyana can gaba, ƙanana, farare. Bugun ya yi ƙarfi, sai wani ƙara na ƙarfe da ya ci ƙarfe, sai shiru. Dauda ya taka kuloci, motar ta ci gaba da gangarawa da sauran gudunta, ba sauti, kamar ɗazu a kan dutse. Ya sunkuya gaba yana tura ta da ƙirjinsa, yana roƙonta da Larabci da Hausa. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta tsaya a inda in mutum ya yi kira daga ginshiƙan za a ji shi.

Gwiwar ta daina karkarwa.

Bai tsaya dubawa ba, domin in ya duba zai sani, kuma a nan wajen bai kamata a san komai ba. Ya jawo tsohon ya goya shi, ya ɗaure da bargo kamar yadda mata ke yi, ya kama gudu a cikin yashi. Wani abu yana taɓa bayan wuyansa, ɗumi-ɗumi. Ko numfashi ne ko iskar yamma, bai iya rabewa ba. Takalminsa ɗaya ya fita ya bar shi. Ya ratsa tsakanin ginshiƙan, bai yarda ba, ya ƙara gaba sosai, don kada a ce magina sun kuskure wurin. Sannan ya durƙusa ya kwantar da shi a kan ƙasa mai sauran zafin rana.

Ya kira shi. Ya murza tafin ƙafafunsa. Ya sake kira.

Can hannun Malam ya motsa. Ya tashi a hankali, ya hau har kai, ya shafa rawanin.

"Wa ya rufe mini kai?"

"Ni ne, Baba."

"Na kuma ji kamar an ja mini rumfa."

"Shi ma ni ne."

"Ina barci ka yi. To, fansar a wuyanka take, ba a nawa ba. Ka nemi rago." Ya yi tari mai tsawo, ya buɗe ido ya dubi sama. "Ciki muke ko waje?"

"Ciki."

"To, kukan me kake yi? Cire mini wannan abu."

Wata lorin kayan lambu ce ta kwashe su zuwa gari. Rumasa'u ta tarbe su a bakin layi, ta dubi ubanta, ta dubi mijinta da takalmi ɗaya. Malam ya ƙi sa riga har sai da aka zaga da shi Ɗakin Ka'aba a kan makara ta masu rauni ya cika umararsa, sannan ya yarda ya kwanta jinya. Ya tashi, ya koma bakin aikinsa, ya ga Hajji huɗu bayan wannan. Ya cika a ɗakinsa na Rusaifa wata ranar Laraba da hantsi, aka kai shi Ma'ala. Attajirin bai kai ƙara ba, saboda zai zama dole ya bayyana a gaban alƙali nawa ɗansa ya sayi motar. Ya dai sallami Dauda, wanda ya koma jan lori tsakanin Mina da Arfa. Saurayin da ya dawo daga Masar ya yi fushi na yini guda, ya aika a kawo masa shuɗiya.

Abin da tafiyar ta ci shi ne: injin mota ɗaya, wanda ba a sami mai gyara shi ba, aikin Dauda a Zahir, rago ɗaya, bayan an kai maganar gaban malamai biyu, domin Malam ya so a yanka biyu, takalmi ƙafa ɗaya, jin kunnen Malam na hagu, da kuma wata guda cur wanda Rumasa'u ba ta yi wa mijinta magana ba sai ta bakin 'yarsu Maimuna. Rai kuwa ba a rasa ko ɗaya ba.